Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Cutar Funfunar Hanci

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Daga Daura nake rubuto maka, kan wata cuta da ta ɗauke mini yayana cikin kwana goma sha biyu. Tela ne, ya daɗe da ciwon suga. Da hunturu ya fara kukan toshewar hanci da ciwon kai a ɓari ɗaya, muka ce mura ce da ƙura. Aka karɓo masa magani a kemis. Kwana huɗu, fatar idonsa na hagu ta sauko ta ƙi ɗaguwa. Ya ce da ni idan ya ɗaga ta da yatsa, allurar ɗinki ɗaya biyu yake ganinta. Kuncinsa ya mutu, ko an mintsine shi ba ya ji. Wasu suka ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Ranar da likita ya haska cikin hancinsa, naman ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Washegari ɓarin jikinsa ya shanye.

Likitoci na kiran wannan cuta mukomaikosis. Irin funfunar da ke cikin ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye ce, kowa na shaƙarta, amma wanda sugansa ya hau ko garkuwar jikinsa ta raunana take kamawa. Daga kogon hanci take kutsawa cikin jijiyoyin jini ta toshe su, ta bi bayan ido ta haura ƙwaƙwalwa. Can take jawo makanta, ƙurji a ƙwaƙwalwa da shanyewar jiki. Maganin ƙwayoyin cuta da muka saba saye ba ya taɓa ta. Sai allurar amfoterisin B, da tiyatar kankare mataccen nama, kuma cikin gaggawa. A 2021, lokacin korona, ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya, galibi masu suga da aka ba magungunan sitiroyid, masu rage kumburi.

Wannan ne ke hana ni barci, ranka ya daɗe. Irin waɗannan magunguna, su dezametazon, ana sayar da su a gari ba takardar likita, 'yan matanmu na haɗiya don su yi ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Ga masu suga birjik da ba su ma san suna da shi ba.

Roƙona, a ajiye amfoterisin B a manyan asibitocin Katsina, Daura da Funtuwa, gwamnati ta ɗauki nauyinsa, don mu kwana uku muka yi muna nemansa har Kano. A sanar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis cewa mai suga da ya zo da ciwon fuska ɓari ɗaya da kumburin ido, ranar nan za a tura shi ga likitan hanci da maƙogwaro. A kuma sa ido kan sayar da sitiroyid.

Yayana ya bar 'ya'ya biyar. Keken ɗinkinsa na nan a zaure, an lulluɓe shi da zane.

Wassalam,
Wani ɗan jiharka daga Daura.