Sunan Nana Asma'u Muka Riƙe, Ina Waƙoƙinta?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙanta da rahama. Ni malamar makarantar matan aure ce a Sakkwato, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sunan baiwar Allahn nan ya cika gari, yana jikin allunan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, amma ka tare yarinyar da ke karatu a ƙarƙashin allon ka ce ta kawo maka baiti ɗaya na Nana, sai ta sunkuyar da kai.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana yarinya ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta san yunwa da gudun hijira da ƙarar yaƙi tun ba ta mallaki hankalin kanta ba. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da ya iso hannunmu ya haura sittin. Ta rasu a 1864, kabarinta na nan Hubbare kusa da na mahaifinta. Wannan kowane mai jawabin ranar yaye ɗalibai yana iya kawo shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, don wa take waƙar?

Mace mai irin matsayinta, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, da ta so sai ta tsaya ga Larabci, malamai su karanta su jinjina mata. Ta yi hakan, kuma sun jinjina. Amma yaƙe-yaƙe sun bar ƙauyuka cike da zawarawa da matan da aka kamo, da yawansu bori suka tashi a ciki, ba su taɓa riƙe allo ba. Su ne Nana ta sa a gaba. Ta san macen da ke daka da surfe ba ta da lokacin zaman darasi, amma kunnenta a buɗe yake. Sai ta zuba karatun a waƙa. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin 'yan baitoci, har mace ta haddace su tana kan aikinta. Akwai ta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai ta mata salihai na da, don mai sauraro ta san an yi mata waliyyai kafin ita.

Sannan ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu kai karatu ƙauyuka. Daga kowane ƙauye ana samun dattijuwa mai hankali da amana a naɗa ta jaji, wato jagorar matan ƙauyen. Nana da kanta take ɗora mata malfa ta naɗe da jan rawani. Malfar nan kuwa, Innar Gobir, uwar 'yan bori, ita aka sani da ita. Dubi wannan dabara! Ba ta ce a ƙone malfa ba, ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama, matan ƙauye suka ga alamar da suka saba girmamawa ta koma ta ilimi. Jaji kan taho wurin Nana da tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, a ƙafa, su ɗauki karatu su koma su koyar da matan auren da ba su samu fitowa ba. Abin da suka riƙo na tsaraba, zuma ko man shanu ko hatsi, Nana kan rabar wa mabuƙata. Su kuma a garuruwansu su ne masu jinyar mara lafiya, da karɓar haihuwa, da wankan gawar mata. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tafiyar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata jajinta Hauwa'u. Matan da ba su da sarauta, da ba don alƙalaminta ba da babu mai sanin sun taɓa zama a duniya.

A ajinmu bayan sallar isha'i nake ganin amfanin hanyarta. Mace ta zo a gajiye, goyo a baya, hannu na warin albasa. In na ce a buɗe littafi, kafin a kai rabin shafi wata ta fara gyangyaɗi. In na rera musu darasin, har wadda ke can baya kusa da ƙofa sai ta ɗago, washegari kuma in ji 'yarta ƙarama na maimaitawa a bakin famfo. Sai dai 'yan baitocin da nake da su daga bakin kakata na same su, kuma wasu sun gutsure.

Wasu Turawa mata biyu masu bincike, Jean Boyd da Beverly Mack, sun tattara ayyukanta a littafi guda a 1997, bayan Boyd ta daɗe tana aiki da takardun gidan marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu. Allah ya saka musu. Amma littafi ne mai kauri da tsada, bayaninsa da Turanci, wurin zamansa ɗakin karatun jami'a. Ɗalibata mai sayar da ƙosai ba za ta taɓa ganinsa ba, alhali don irinta aka yi waƙoƙin.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, a riƙa buga waƙoƙinta na Hausa, boko a gefe ajami a gefe, da ɗan sharhin kalmomin da suka tsufa. Malaman sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na kusa, ba na jin za su ƙi taimakawa. Gidajen rediyo kuma su nemo tsofaffin da suka san karin da ake rera su, a naɗa tun suna da rai. Mu malaman makarantun dare za mu yanke shafin mu kai aji.

Na gode.

Wata malamar makarantar matan aure,
Sakkwato