Sanarwa: Darasin Asabar kan "port"

Assalamu alaikum ƴan uwa. Darasin Turancinmu na Asabar bayan Isha'i kan kalmomin da ke ɗauke da "port" ne.

Yawancinsu daga Latin, harshen tsoffin Romawa, suka fito, daga portare, wato ɗauka. Export fitar da kaya, import shigo da su, transport kai su wani wuri. Porter kuwa ɗan dako ne, mai kaya niƙi-niƙi a ka. Sport ce ta fi ba ni mamaki: an gutsuro ta daga disport, ɗauke hankali daga aiki.

Amma a lura, airport da seaport daga portus suke, tashar jirgin ruwa.

Kowa ya taho da kalma biyu tasa. Don Allah ban da dogayen saƙonnin murya.