Sanarwa kan girkin Sallah

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu karɓar baƙi da Sallah, ku sayi shinkafa da mai tun saura mako biyu, domin kaya na tsada a jajibere. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki buhu, ya fi awo sauƙi.

Kilo 1 na shinkafa yakan ishi mutum 8 zuwa 10. A yi dafa-duka da romon naman, a yanka naman ƙanana. Tumatir kuwa a tafasa shi har ruwan ya tsotse kafin a soya, in ba haka ba miya za ta yi tsami.

Zoɓo ya wadatar maimakon lemon kwalba. Kunun aya a bari sai safiyar ranar, ba ya jure zafi in babu ƙanƙara.