Kifin tirawut ba raggo ba ne, kamun ne ya bambanta

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan aiki na tafiya lafiya.

Na karanta rubutun da kuka buga kwanaki kan kamun kifi na shaƙatawa a ƙasashen turawa, inda marubucin ya ce wai kifin tirawut na tafki ba shi da wani ƙarfi, in an kama shi haka nan yake biyo igiya ba gardama, kuma wai fatsar ƙuda, wato kamu da ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro, wasan waɗanda suka ƙoshi ne kawai. To ni dai gaskiya ban yarda ba, shi ya sa na ce bari in rubuto. Gidanmu gidan masunta ne a wajen Madarunfa ko da yake yanzu a Maradi nake zaune, sannan ƙanena yana karatu a Kanada, ya shiga harkar nan sosai, bidiyo kam har ya cika mani waya.

Shi wanga kifi asalinsa na arewacin nahiyar Amurka ne, Kanada da Alaska da manyan tafkunan nan irin su Superior da Huron da Michigan. Ruwan sanyi yake so, wajen digiri 10, don haka da zafi ya shigo sai ya nutse can ƙasa, mita 20, 30 ko fiye. A lokacin ne mafi yawan mutane ke kama shi, suna cikin kwalekwale mai inji suna jan igiyar waya da dalma mai nauyi, a jawo shi daga wancan zurfin zuwa ruwan sama mai ɗumi, to ina zai samu ƙarfin gardama? Kamar a ɗaure ma ɗan kokowa dutse a ƙugu ne a tura shi fili sannan a ce ai ba ya iya kokowa. Nan ne sunan ragontar ya samo asali, marubucinku ya ɗauko rabin magana ya bar rabi.

Fatsar ƙuda daban take. Ba tana ake sa wa ƙugiya ba, ba kuma dalma, gashin tsuntsu da gashin dabba ake ɗaurawa da zare a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro, ko kuma ɗan ƙaramin kifi in tirawut babba ake nema don shi ƙananan kifaye yake ci. Abin ba shi da nauyin da za a jefa, sai aka sa nauyin a jikin igiyar kanta, mutum ya riƙa kaɗa sanda mai laushi wadda ta kusa mita 3 gaba da baya har igiyar ta miƙe ta kai ƙugiyar inda yake so, sannan ya riƙa jawowa da hannu kaɗan-kaɗan yadda kifin zai zaci abinci ne ke gudu. Kuma ba kowane lokaci ake yi ba, sai ƙanƙara ta narke daga kan tafki ruwan sama na nan da sanyinsa, ko kuma daf da shigowar sanyi lokacin da kifin ke matsowa wuraren duwatsu don zuba ƙwai. A nan yana cikin ruwan da jikinsa ke so, ƙarfinsa cikakke.

Wallahi Malam Edita in ka ga yadda ake fama da shi sai ka tausaya wa hannun mai sandar. Ba ya tsalle sama irin na tsage, shi ƙasa yake yi, da ya ji ƙugiya sai ya kaɗa kai da ƙarfi ya nufi zurfi igiya na ta zubewa daga abin naɗinta, sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa, ka samu ka jawo shi kusa da kwalekwale ka ce an gama, yana ganin inuwa sai ya sake komawa, wani lokacin ma ya riƙa mirginawa yana naɗe igiyar a jikinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe babbar tarwada ko ragon ruwa da fatsar hannu ya san irin wannan jan, na taurin kai ne ba na gudu ba. Wani abu da ya burge ni, shi yana iya fitar da iskar da ke cikinsa in yana tasowa, shi ya sa masu kamun ke duban kumfa a saman ruwa, in sun gan ta sun san ya fara gajiya.

Girma kuma ba a magana. A 1961 an kama ɗaya da raga a tafkin Athabasca mai kilo 46, a 1995 kuma an kama mai kusan kilo 33 da sanda a tafkin Great Bear, duka tafkunan biyu a Kanada suke. Amma fa kifi ne mai jinkirin girma, sai ya shekara 6 ko 7 ko ma fiye kafin ya fara zuba ƙwai, a can arewa mai sanyi ana samun wanda ya haura shekara 40. Dalilin kenan da a yankin Great Bear doka ta ce a yi amfani da ƙugiya marar ƙayar baya, kuma manyan nan akasari a auna su a ɗau hoto a mai da su ruwa. Na san mu nan in ka ce ka kama kifi ka sake shi za a ce kanka ba daidai ba, kuma ina fahimta, mai iyali da ke jiran cefane ba zai saki abincin gidansa ba, ni ma ban ce a saki ba.

Sai dai su ma ba haka nan suka waye da hankalin ba. A shekarun 1940 zuwa 1950 kifin nan ya kusa ƙarewa a Huron da Michigan, ga kamu ba iyaka ga wata halitta mai siffar maciji da ke manne wa kifi tana tsotse jininsa, wadda ta shigo daga teku ta hanyar mashigin jiragen ruwa na Welland. A 1955 Amurka da Kanada suka kafa hukumar haɗin gwiwa, aka yi ta yaƙar abin da magani a rafuka, aka taƙaita kamu, aka yi ta zuba 'ya'yan kifi shekara da shekaru kafin na Superior ya farfaɗo.

Wannan ne ya sa abin ya tsaya mani a rai. Tafkin Madarunfa namu ya shiga jerin wuraren Ramsar, wato wuraren ruwa da fadamu masu muhimmanci da ƙasashen duniya suka amince a kare, a 2019, amma je ka bakin ruwa ka ga abin da ake fitarwa, karfasa 'yan mitsi-mitsi da ba su kai tafin hannun yaro ba, wasu ma da gidan sauro suke ja, abin da aka raba don kare yara daga masassara. Yashi na cike tafkin, ruwan gulbi ba ya zuwa kamar da tun da aka yi dam a Jibiya. Tsofaffinmu na ba da labarin tarwadar da sai mutum biyu sun kama, yaran yanzu ji kawai suke yi. Kifin da ba a bari ya girma ba ta ina za a san yana da ƙarfi ko ba shi da shi?

Roƙona ku turo ɗan jaridarku ya zo ya zauna da sarkin ruwa da masunta da ma'aikatan gandun daji da ruwa, a ji maganar girman idon raga da watannin da ya kamata a ɗaga wa kifi ƙafa, a buga da Hausa yadda masu abin za su ji. Kuma don Allah ku miƙa wa marubucin nan gaisuwata, ku ce ya nemi bidiyon kamun tirawut da fatsar ƙuda na lokacin narkewar ƙanƙara ya kalla kafin ya sake rubutu a kai.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Zariya, Maradi