A Bar Ɗaliban Kimiyya Su Yi Furojet Tare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah a ɗan ba ni fili in kai shawara ga shugabannin jami'o'in jiharmu ta Katsina, wato ta Umaru Musa 'Yar'adua da ta tarayya da ke Dutsin-Ma da Alƙalam, har da ta sufuri da aka kawo mana nan Daura.

Ni malamin kemistiri ne a sakandare, yarana da dama sun wuce jami'o'i daban-daban a ƙasar nan, kuma in sun dawo hutu labarin kusan ɗaya ne. Yaro zai yi shekara huɗu a kemistiri bai taɓa haɗa aiki da na fannin noma ko na lafiya ba, sai dai su haɗu a masallaci ko wurin mai shayi. Dipatmen-dipatmen suna zaune kamar kishiyoyi, kowa da murhunta, na'urar awo tana kulle a wannan lab ɗin makulli na aljihun mutum ɗaya, a ginin da ke kallonshi kuma ɗalibi na neman inda zai auna samfur ya rasa. Ƙarshenta a yi furojet a buga a ɗaure da baƙin bango a rubuta suna da ruwan zinare, a jibge a ofis ƙura da gara su gama da shi.

To ita matsalar talaka ai ba ta zuwa a rarrabe. Mu tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar na zuba inda yara ke rarrafe. Likita shi kaɗai bai isa ba, don ko ya ba yaro magani gidan nan mai guba zai koma. Sai da aka samu masu auna dalma a jini da ƙasa, da masu kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, da masu unguwanni da limamai da suka shawo kan mutane su fitar da niƙan bayan gari.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba, ga Samaru nan a jami'ar Ahmadu Bello. Irin waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya mishi ɓarna, aikin masu inganta iri ne da masana ƙwari da masana ƙwayar halitta tare da abokan hulɗa na waje, sannan malaman gona suka kai shi ƙauye. Na san akwai masu ƙorafi kan iri kamar wannan da aka taɓa ƙwayar halittarshi, wannan muhawara ce ta daban, ni dai yadda aka haɗu aka yi aikin nake nuni.

Shawarata ita ce a ɗauko 'yan ajin ƙarshe huɗu ko biyar daga sassa daban, a ba su ƙauye ɗaya da matsala ɗaya. Misali gyaɗa. Idan ba ta bushe da kyau ba aka ƙulle ta a buhu, wani fumfuna na kama ta ya bar gubar afilatoksin mai lalata hanta, ita ce kuma matanmu ke yin ƙuli da mai, yara na ci kullum. Na maikirobayoloji, wato ilimin ƙananan halittu, ya gano fumfunar, na kemistiri ya auna gubar, na lissafi ya tsara alƙaluman, na injiniya ya ƙera abin busarwa mai aiki da rana, na sashen Hausa kuma ya mayar da sakamakon yadda inna mai ƙuli za ta ji a rediyo ta gane. Haka za a yi da wuta-wuta a gonar dawa, da ruwan madatsar Zobe da ta Jibiya, da kwararowar hamada ta wajen Mai'aduwa da Zango. Cibiyar binciken makamashi ta Ibrahim Shehu Shema tana nan a jami'ar 'Yar'adua, a buɗe ta ga kowane sashe. Shi kanshi marigayi Malam Umaru ai malamin kemistiri ne kafin siyasa.

Na san lakcarori za su ce ba kuɗi ba wuta, kuma ƙarin girma da yawan takardun da mutum ya wallafa ake yi, gaskiya ne wallahi. Shi ya sa nake roƙon TETFund, hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta ware wani kaso na kuɗin bincike da ba za a ba kowa ba sai sassa uku sun sa hannu a takarda ɗaya, majalisun jami'o'i kuma su riƙa lissafa aikin haɗin gwiwa wajen ƙarin girma. A fara gwadawa da rukuni goma a zangon karatu mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kemistiri, Daura.