Kayan da Sojan Ƙasa na Faransa Yake Goyo

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Saƙonka ya iso, har da hoton nan na sojan Faransa mai jan wando da ka ce in warware maka tulin da ke bayansa. To, bari mu sauke kayan ɗaya bayan ɗaya.

Jakar goyon ta fatar maraƙi ce da gashinta, don ruwan sama ya riƙa zamewa. Naɗin da ya zagaye ta bargo ne da ƙyallen tanti, sandunan tantin na ɗaure a gefe, kwanon cin abinci a can bisa. Tukunya da babbar gorar ruwa na rukuni ne, ana raba wa mutane ɗaukarsu. Idan ka haɗa da bindiga, banati, harsasai da guzuri, a yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 nauyin yakan kai wajen kilo 30. Kowane abu a jikin mutumin nan sai da aka yi ciniki da bayansa kafin a ɗora.

Tantin shi ne abin da ya fi burge ni. A Aljeriya aka ƙirƙiro shi bayan 1830, inda babu hanyar keken doki da zai biyo runduna da manyan tantuna. Sojoji suka riƙa farke buhunan kwanansu suna haɗawa su yi inuwa, daga baya hukuma ta mayar da dabarar doka. Kowa yana ɗauke da ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu, mita ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya kowane gefe, da maɓallai da kafofinsu a baki, sai sanda mai gaɓa, igiya da 'yan turaku. Ƙyalle ɗaya ba ya tsinana komai. Mutum biyu za su ɓalla nasu a tsakiya, su kafa sanda a kowane ƙarshe, su ja igiya su buga turaku, amma gaba da baya a buɗe. Mutum shida kuwa, huɗu su yi rufi, biyu su toshe bakuna, su kwanta a matse kamar ashana a kwali. Da rarrafe ake shiga.

Inda yake ba da matsala: ba shi da shimfiɗa, sai an nemo ciyawa ko tattaka. In ba a haƙa ɗan lambatu a kewaye ba, ruwa ta ƙasa zai shigo. In ƙyallen ya jiƙe kuma kanka ya goge shi daga ciki, daidai nan zai fara ɗiga. Igiya ma takan tsuke in ta sha ruwa ta tumɓuke turke da tsakar dare, shi ya sa ake sassauta ta tun hadari bai sauko ba. Da safe kuma jiƙaƙƙen ƙyalle ya ƙara nauyi. Duk da haka Amurkawa sun kwaikwaye shi a yaƙin basasarsu, sojojinsu na kiransa tantin kare.

Babban aibin ya fito fili a 1870. Al'ada ce a sauke jakunkuna kafin a shiga artabu. A Froeschwiller, ran 6 ga Agusta, da Jamusawa suka fatattaki rundunar MacMahon, babban kwamandan Faransa, da yawa sun bar jakunkunan a can, suka yi ta ja da baya cikin ruwan sama ba tanti ba tukunya. Jamusawa kuwa gidajen ƙauye suke raba wa sojojinsu.

Sai harsashi. A farkon ƙarni na 19, bindigar ta ɗuri ce ta baki, irin harba-ka-rugar maharbanmu. Albarushi da dunƙulen darma na naɗe a takarda; soja ya yage da haƙori, ya zuba, ya danna da sanda. Wajen ƙarshen shekarun 1840 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashi mai rami a gindi: yana shiga baki a sake, in an harba sai gindin ya buɗe ya kama murɗaɗɗen zanen da ke cikin bututun bindiga, ya fita yana juyawa.

A 1866 aka kawo bindigar Chassepot, mai ɗuri ta baya, faɗin baki milimita 11. Harsashinta shi ma na takarda ne, allura ke huda shi ta tayar da wuta, zoben roba kuma ya tare hayaƙi kada ya dawo fuskar mai harbi. Soja na ɗaukar 90, ƙunshi goma na tara-tara. Tana kaiwa mita 1,200, kusan ninkin bindigar Dreyse ta Jamusawa, kuma dakarun sarkin Prusiya, jagoran Jamusawa a yaƙin, sun ɗanɗana kuɗarsu a Saint-Privat ran 18 ga Agusta 1870. Amma takardar ba ta ƙonewa duka, toka ta taru har harsashi ya ƙi shiga; roba ta ƙone in harbi ya yi yawa; allura ta karye, dole kowa ya riƙe ta canji. Laima kuwa ita ce uwar matsala. Ka ga yadda tanti mai yoyo yake shafar harsashi.

Bindigar Gras ta 1874 ce ta raba gardama da kwanson tagulla, wanda ba ruwansa da laima kuma shi da kansa yake toshe hayaƙi. Sai Lebel a 1886, milimita 8, da albarushi marar hayaƙi na Paul Vieille. Tana cin takwas a bututun da ke ƙarƙashin baki, a jere kai da gindi, don haka aka daddale kan harsashin kada tsininsa ya tayar da na gabansa. Da harsashi ya ƙanƙance, ba a rage wa soja kaya ba, adadin aka ƙara zuwa 120.

Ka sake duba hoton naka: in bindigar tana da dogon banati mai lanƙwasa kamar takobi, mai yiwuwa Chassepot ce. Ka faɗa mini abin da ka gani.

Ka gaishe mini da su Baba da yara.

Naka har kullum.