Zuwa ga ɗana, kafin ka raba faifan kwamfutarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya haƙuri da zaman makaranta? Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso ni daren jiya, inda ka ce malaminku ya buƙaci kowa ya sami Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwamfutarsa kafin zangon nan ya yi nisa, kai kuma ba ka son rabuwa da Windows saboda Word da sauran manhajojin da ka saba da su. Ka ce kana so ka ɗora su biyun a laftof ɗaya, ka kuma ware musu wuri guda da kowanne zai iya shiga ya ɗauki fayil. Shawara ce mai kyau, na yarda ka yi. Amma na ƙi amsa maka ta waya, don maganar tana da wuraren da in an faɗa da baki sukan zube a hanya.

Ka san na yi shekaru ina buga wa ɗalibai takardu a shago. Akwai wata rana da ba na mantawa da ita. Ina cikin rage girman wani ɓangare na faifan kwamfutar shagon, aikin ya kai kamar rabi, sai aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta tebur ce, ba ta da batir. Da aka dawo da wutar na kunna, ɓangaren ya ƙi buɗuwa, a cikinsa kuwa akwai aikin kammala digirin wata baiwar Allah, babi huɗu, wanda ta kawo mini da rubutun hannu na buga. Har yanzu ina ganin ta tsaye a bakin ƙofa da ledar takardunta a hannu, ba ta ce uffan ba. Allah Ya taimake ni ba ta yar da rubutun hannun ba. Kwana uku na yi ina sake bugawa, ban karɓi ko kwabo ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka kwashe duk abin da ka damu da shi zuwa wani faifai na waje, ka buɗe 'yan fayiloli daga can ka tabbata sun kwafu da gaske, sannan ka zare shi ka sa a akwati. Ranar aikin kuma batir ya kasance a cike, caja a jone.

Abu na biyu shi ne BitLocker, wato makullin sirrin da Windows yake sa wa faifai. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 sukan zo da faifansu a kulle da shi ba tare da mai su ya sani ba. In ka sauya wani abu a tsarin tashin kwamfutar, zai iya tsayar da kai da shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lamba 48. Ka nemo mabuɗin tun yanzu, yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, ka kwafe shi da biro a takarda. Ni dai na fi son ka kashe BitLocker ɗin gaba ɗaya har ka gama aikin.

Yanzu sai rabo. An rubuta 512 a jikin kwamfutarka, amma Windows zai nuna maka kusan gigabait 476 ne, kada ka zaci an cuce ka, bambancin lissafi ne kawai. Ka bar wa Windows kamar 170, ka ba Linux 90, saura kuma ya zama na tarayya. Rage girman C, wato ɓangaren da Windows yake zaune, ka yi shi daga cikin Windows ɗin kansa, ta Disk Management, domin shi ya fi kowa sanin inda ya ajiye kayansa. Za ka ga wani ɗan ƙaramin ɓangare a farkon faifan mai suna EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 zuwa 260 ba. Wannan ba a goge shi, ba a kuma yi masa fomat. A nan Windows yake ajiye abin da yake tashi da shi, a nan kuma Linux zai sa nasa.

Cikin nau'o'in Linux, ka ɗauki Ubuntu 24.04, tunda irin wanda ake daɗewa ana kula da shi ne, ko Linux Mint in ka fi son fuskar da ta yi kama da Windows. Ka sa shi a filash da manhajar Rufus, ka fara gwada shi daga filash ɗin ka ga ko wayafai da sauti suna aiki. Wajen ɗorawa kuwa ka karanta kowane layi sau biyu. Akwai zaɓin da ke cewa a share faifan baki ɗaya, kuma yana nan dab da wanda kake nema.

Ɓangaren tarayyar nan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ɗauke shi kamar rumbun da ke tsakar gidan 'yan'uwa biyu: kowa da ɗakinsa, amma hatsin a wuri ɗaya yake. Linux yana zama a kan tsarin jera fayiloli mai suna ext4, wanda Windows ba ya karantawa da kansa, don haka rumbun dole ya kasance a tsarin da dukansu suke ganewa. FAT32 ba zai yi ba, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4 a cikinsa. Wasu za su ce maka exFAT. Yana aiki, amma ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa, saboda haka in kwamfuta ta mutu ba shiri ya fi saurin lalacewa. Da irin wutar da muke fama da ita, NTFS nake zaɓa maka. Linux ya daɗe yana karanta shi yana rubutu a kansa ta manhajar ntfs-3g, kuma tun 2021 aka shigar da wata sabuwar manhaja mai irin wannan aikin, mai suna ntfs3, cikin ƙwaryar Linux ɗin kanta. Ka ƙirƙiri ɓangaren daga Windows, ka raɗa masa suna gajere, ko Rumbu ma ya isa.

To ga inda mutane suke faɗawa rami. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup. Idan ka danna kashewa, Windows ba ya mutuwa ɗungurungum, yakan naɗe wani sashe na kansa ya ajiye, har da abin da ya sani game da faifan, don gobe ya tashi da wuri. In a wannan hali ka shiga Linux ka ajiye sabon fayil a rumbu, Windows zai farka da tsohon sani, ya ci gaba da rubutu kamar ba abin da ya sauya. Nan ne fayil yake ɓacewa, ko folda ta ƙi buɗuwa. Sau da yawa Linux yakan lura, sai ya bar ka ka karanta amma ya hana ka rubutu. In ka ga haka, kada ka je intanet ka kwaso umarnin da zai tilasta masa, kare ka yake yi. Ka koma Windows, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta powercfg /h off. Wannan layin yana kashe Fast Startup tare da dogon barcin da ake kira Hibernate. Bayan kowane babban sabuntawa na Windows ka sake dubawa ko yana nan a kashe. Idan kuma wata rana rumbun ya sami matsala, chkdsk na Windows ne likitansa. Akwai ntfsfix a Linux, amma ƙananan gyare-gyare kawai yake yi.

Domin rumbun ya riƙa buɗuwa da kansa duk sanda Linux ya tashi, za ka ƙara layi ɗaya a fayil ɗin /etc/fstab. Ka yi amfani da lambar UUID, wato lambar shaidar ɓangaren, da umarnin blkid zai nuna maka, ka sa uid=1000 da gid=1000 don kayan su zama mallakinka, ka kuma ƙara nofail domin ko rumbun ya ƙi buɗuwa kwamfutar ta tashi. Ka kwafi tsohon fayil ɗin ka ajiye kafin ka gyara shi.

Kada ka mayar da gidanka na Linux, wato /home, cikin rumbun. NTFS ba ya riƙe izinin fayiloli yadda Linux yake so, manhajoji za su yi ta ba ka wahala. Takardu, hotuna, littattafan karatu da sautin laccoci su ne na rumbu. Shirye-shiryen da za ku rubuta a aji ka bar su a ɓangaren Linux. Sunayen fayil ma ka kiyaye: Linux zai yarda ka sa alamar tambaya ko ɗigo biyu a suna, Windows kuwa ba zai yarda ba.

Akwai wani ƙaramin abu da zai ruɗa ka. Bayan ka fito daga Linux ka shiga Windows, za ka iya ganin agogo ya koma baya da awa ɗaya. Linux yana saita agogon na'urar a lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa awa ɗaya muke gaban UTC. A Linux ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan. Ban so ka dogara da agogon nan ka makara a lacca ko sallah.

Kuma ka sani, rumbun nan ba ajiya ta biyu ba ce. Duka ɓangarorin uku a jikin faifai ɗaya suke. In faifan ya mutu ko aka ɗauke laftof ɗin a ɗakin kwana, tare za su tafi. Kowace Juma'a bayan ka dawo daga masallaci ka jona faifan waje ka kwafi rumbun. Na tura maka kuɗin sayensa ta asusunka, da ɗan ƙari na filash, kada ka karkatar da su wani wajen.

Ranar da za ka yi aikin ka zaɓi Asabar da safe, lokacin da ba ka da gwaji a gaba. In ka iso allon rabon faifai, ka ɗauki hotonsa da waya ka turo mini kafin ka danna komai, zan riƙe wayata a kusa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ta ba direban da ka sani ƙullin yaji da kilishi, ka je tasha ranar Laraba ka karɓa. Ƙannenka ma suna gaisuwa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da sa'ar karatu.

Naka,
Babanka